Faifan da ya mutu a cikin kwalinsa: lamarin DVD ɗin Warner na 2006 zuwa 2008

A watan Maris na 2025 kamfanin Warner Bros. ya amsa da bakinsa abin da masu tara finafinai a Amurka suka daɗe suna kuka a kai: wasu faya-fayan DVD da aka buga masa tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa da kansu. Ba karcewa suka yi ba, ba kuma rana ce ta buge su ba. Faifai ne yana zaune cikin kwalinsa a kan kanta, wani ma ba a taɓa yage ledarsa ba, sai ranar da mai shi ya ɗauko zai kalla, na'ura ta yi ta juya shi amma ta ƙi karantawa. Wani kuma ya fara lafiya lau, sai fim ya kai tsakiya hoto ya farfashe, ya tsaya cak. Idan ka ciro shi ka duba a haske, sau da yawa ko tabo ɗaya ba za ka gani ba.

Maganar ta fito fili ne bayan babban editan shafin finafinai na JoBlo, Chris Bumbray, ya rubuta yadda tsoffin finafinan da ya saya suka daina yi, cikinsu har da na Humphrey Bogart da Errol Flynn, taurarin Amurka na shekarun 1930 da 1940. Warner ya mayar da martani da gajeriyar sanarwa. Ya ce yana sane da matsalar, kuma yana musanya wa masu saye faya-fayan da suka lalace. Inda fim ɗin yana nan a kasuwa, za a ba ka irinsa. Inda kuwa an daina buga shi, ko haƙƙin sayar da shi ya fita daga hannun kamfanin, za a ba ka wani fim daban mai kwatankwacin kuɗinsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa na ga lamarin ya cancanci a zauna a yi nazarinsa. Mutumin da ya sayi fim ɗin 1942 saboda shi yake so, ba kuɗinsa ne suka dame shi ba. Fim ɗin ne ya rasa, kuma kamfanin da ya mallaki fim ɗin yana gaya masa cewa babu wani a ajiye.

Yadda faifai ke ruɓewa

Duk wanda ya riƙe DVD zai ɗauka abu ɗaya ne dunƙulalle. Ba haka ba ne. Faranti biyu ne na roba, kowanne kaurinsa milimita 0.6, aka manne su da gam suka zama milimita 1.2. A tsakaninsu akwai wani ɗan siririn shafe na ƙarfe, yawanci alminiyom, wanda shi ne ke mayar da hasken leza zuwa ga idon na'ura. Fim ɗin kansa wasu ƙananan ramuka ne da aka danna a jikin robar, ido ba ya ganinsu. Muddin shafen ƙarfen yana ƙyalli, na'ura za ta karanta. Ranar da iska ko danshi suka samu hanyar shiga, ko gam ɗin ya fara saki, ko wani sinadari da ya rage tun daga masana'anta ya fara cin ƙarfen, ƙyallin sai ya dushe. Ramukan suna nan, amma babu abin da zai haska su.

DVD iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai hawa ɗaya da ke ɗaukar gigabait 4.7, akwai mai hawa biyu da ke ɗaukar 8.5. A mai hawa biyu, hawan farko ana yi masa shafe mai shara-shara don leza ta iya ratsa shi ta kai ga na biyu. Dogayen finafinai a irin wannan ake zuba su, kuma idan ka lura, a tsakiyar fim akan ɗan sami tsaiko na ƙiftawar ido lokacin da na'ura ke sauya hawa. A nan ne faya-fayan Warner da yawa suke cijewa. Rabin farko ya yi, rabi na biyu ya ƙi. Wannan ya sa cutar take ɓoyuwa: mutum zai saka faifai, ya ga ya buɗe, ya ga minti goma na farko sun tafi daidai, ya mayar da shi kanta da kwanciyar hankali, alhali ƙarshen fim ɗin ya riga ya tafi.

Ba a gyara irin wannan lalacewar. Faifan da ya karce ana iya goge shi da na'urar goge faifai ya dawo, domin raunin a waje yake. Wannan kuwa a ciki yake, tsakanin faranti biyu da aka manne.

Masana'antar Olyphant

Sanarwar Warner ba ta faɗi musabbabi ba, ba ta ambaci masana'anta ba, ba ta kuma fitar da jerin finafinan da abin ya shafa ba. Masu saye ne suka yi wannan aikin da kansu, shekaru kafin kamfanin ya buɗe baki. A jikin kowane faifai, kusa da ramin tsakiya, akwai wasu ƙananan lambobi da ke nuna injin da ya buga shi. Da masu tara finafinai suka riƙa kwatanta lambobin faya-fayansu da suka mutu, sai suka ga mafi yawansu suna komawa wuri ɗaya: masana'antar kamfanin Cinram da ke garin Olyphant a jihar Pennsylvania, wadda lambar injinanta ke farawa da 2U. Suka tara sunayen finafinai, jerin ya yi ta tsawo, kuma har yau shi ne abin da mai neman sani ke dubawa.

Tarihin wannan masana'anta shi kansa yana ba da labarin kasuwar. Asali ta Warner ce. A 2003 Time Warner, uwar kamfanin Warner a lokacin, ya sayar da sashen buga faya-fayansa ga Cinram, kamfanin ƙasar Kanada, a kan kuɗi sama da dala biliyan ɗaya, tare da kwangilar ci gaba da buga masa kaya. A 2010 Warner ya janye kwangilar ya koma kamfanin Technicolor. A 2012 Cinram ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. A 2015 Technicolor ya saye harkar faya-fayan Cinram ta Arewacin Amurka, sannan a 2018 aka rufe masana'antar Olyphant. Wato a lokacin da faya-fayan suka fara mutuwa da yawa, wanda ya buga su ya watse, injinan sun tsaya, ma'aikatan sun kama gabansu.

Shekarun da abin ya faɗa a kai kuma su ne mafi muni da zai iya faɗawa. Daga 2005 zuwa 2006 ne cinikin DVD ya kai ƙololuwarsa a Amurka, kusan dala biliyan 16 a shekara. Kuɗi na shigowa, don haka kamfanoni suka buɗe rumbunansu. Warner shi ke riƙe da ɗaya daga cikin manyan taskokin tsoffin finafinai a duniya, nasa da na kamfanin RKO da na kamfanin MGM na kafin 1986, kuma a waɗannan shekarun ya fitar da kwalaye masu faifai biyar ko shida na tsoffin taurari, da zane-zanen yara na da, da shirye-shiryen talabijin kaka bayan kaka. An gyara hoto, an haɗa da hirarraki da sharhin masana. Irin wannan ɗawainiya sai kasuwa mai kuɗi. Da kasuwar ta faɗi, wasu daga cikin finafinan ba su sake fitowa a faifai da wannan gata ba, wasu kuma ba su sake fitowa ba sam. Bugun da ya lalace shi ne bugu ɗaya tilo.

Ba wannan ne karo na farko ba. LaserDisc, babban faifan nan mai faɗin faifan garmaho da aka yi yayi a Amurka da Japan a shekarun 1980 da 1990, ya sha fama da irin wannan ciwo har aka raɗa masa suna ruɓewar leza. A Ingila kuma, masana'antar PDO da ke Blackburn ta buga faya-fayan CD tsakanin 1988 da 1993 waɗanda daga baya suka riƙa rikiɗa zuwa launin tagulla, saboda shafen da ke kare ƙarfen bai iya jure sinadarin da ke fita daga takardar cikin kwalin ba. Bambancin shi ne PDO ya ɗauki nauyi, ya riƙa sake buga ainihin faifan da ya lalace yana aika wa mutane, har zuwa 2006. Ya iya yin haka ne domin kasuwar CD tana raye, injina suna aiki. Masu DVD ɗin Warner sun zo neman haƙƙinsu ne a lokacin da kasuwa ke tashi.

Kasuwar da ke tashi

A 2024 cinikin faya-fayan fim gaba ɗaya a Amurka, DVD da magadansa Blu-ray da 4K, ya faɗi ƙasa da dala biliyan ɗaya. Netflix, wanda da aika DVD ta gidan waya ya fara a 1998, ya aika faifansa na ƙarshe ranar 29 ga Satumba, 2023. Shagunan Best Buy sun kwashe faya-fayai daga kantocinsu a farkon 2024. Redbox, mai jajayen akwatunan hayar fim a ƙofar manyan shaguna, ya durƙushe a watan Yulin 2024. Disney ya daina kai faya-fayai Ostireliya da New Zealand a 2023, sannan ya miƙa wa Sony harkar a Amurka. Mafi yawan abin da ake bugawa don Arewacin Amurka yanzu daga masana'anta ɗaya yake fitowa, a Guadalajara ta ƙasar Meziko.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urori. Oppo, wanda masu kallo suka fi yabon na'urorinsa, ya daina ƙera su a 2018. Samsung ya bi baya a 2019, LG a ƙarshen 2024. Sony da Panasonic ne manyan da suka rage, kuma Sony ɗin ma ya daina yin faifan Blu-ray na ɗauka a gida a watan Fabrairun 2025. Kwamfutocin tafi-da-gidanka sun daɗe da daina zuwa da wurin saka faifai. Na'urorin wasan bidiyo, waɗanda su ne suka riƙe Blu-ray a gidaje da yawa, yanzu ana sayar da wasunsu babu wurin faifai. Kuma na'urar karanta faifai ba ta kai faifan kansa ƙarko ba: idon leza yana rauni, robar da ke jan tire tana saki, mota tana gajiya.

Mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanya. JVC ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urarsa, ya tsaya a watan Yulin 2016, saboda ciniki ya ja baya kuma kayan haɗi sun yi wuyar samu. Shekara 40 ke nan cif. Kaset-kaset da yawa suna nan da ransu, amma mai son kallo sai ya nemi tsohuwar na'ura a hannun 'yan gwanjo, ya kuma yi sa'ar samun mai gyaran da bai manta aikin ba. DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996, a Amurka a Maris 1997. Idan zai bi sawun VHS, na'urarsa ta ƙarshe za ta fito ne a tsakiyar shekarun 2030. Ni dai ina ganin zai ɗan wuce nan, domin na'urar DVD ba ta da wuyar ƙira kamar ta kaset mai ɗauke da ƙafafu da bel da kai mai juyawa, kuma ƙananan masana'antun Sin suna fitar da ita da arha. Wanda na fi jin tsoro a kansa shi ne faifan 4K da ya fito a 2016, wanda ya fi kowanne kyan hoto amma masu ƙera na'urarsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

To shi kansa faifan, shekara nawa zai yi? Lokacin da DVD ke sabo, ana tallata shi kamar abin da za a bar wa jikoki. Cibiyar adana kayan tarihi ta gwamnatin Kanada ta fi taka-tsantsan: a ƙiyasinta, CD ɗin kiɗa na masana'anta zai iya kai shekara 50 zuwa 100, amma DVD da Blu-ray na fim ta sa su tsakanin 10 zuwa 20. Wannan ƙiyasi ne na masu ajiya, waɗanda aikinsu shi ne su shirya wa mafi muni, kuma ga faya-fayan 1997 da yawa suna yi har yau ba tangarɗa. Abin da lamarin Warner ya nuna shi ne ba a yi wa faifai hukunci da irinsa. Faifai biyu masu kama ɗaya, na shekara ɗaya, a kan kanta ɗaya, ɗaya zai kai shekara 30, ɗaya ya mutu kafin 15, kuma abin da ya raba su shi ne masana'antar da ta buga su da kayan da ta yi amfani da su a wannan watan. Mai saye ba shi da hanyar sanin wannan a ranar saye.

"Ai akwai shi a intanet"

Wannan ce amsar da ake bai wa duk mai kukan faifansa ya mutu, kuma tarihin Warner ɗin kansa ya isa ya ƙaryata ta. A 2022 kamfanin ya cire finafinai da shirye-shirye da dama daga manhajarsa ta HBO Max don rage kashe kuɗi. A Disambar 2023 Sony ya sanar da masu PlayStation cewa za a goge shirye-shiryen tashar Discovery da suka saya da kuɗinsu, saboda yarjejeniyar lasisi da Warner Bros. Discovery, uwar kamfanin Warner, ta ƙare. Sai da aka yi ca a kansu kafin aka sabunta yarjejeniyar aka fasa. A Maris 2025 kuwa, watan da aka amsa maganar ruɓewar faya-fayai, aka kwashe tsoffin zane-zanen Looney Tunes daga manhajar kamfanin. Mai kallo ta intanet ɗan haya ne, ranar da mai gida ya ga dama zai ce a tashi. Dalilin da ya sa mutane suka riƙe faifai ke nan tun farko, don su mallaki abin da ba mai iya ƙwacewa daga nesa.

Hanya ɗaya ce ke ceton fim daga faifan da zai mutu: a kwafe shi zuwa kwamfuta tun yana da rai. Amma DVD ɗin kamfanoni yana zuwa da makullin hana kwafa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998 ta haramta karya wannan makulli, ko da faifan naka ne, ko da don ajiyar kanka ne. An yi wa malamai da masu bincike da wasu ɗakunan ajiya sassauci, amma ba a yi wa mai saye na gida ba. A nan ne nake ganin an zalunci mutane. An sayar musu da kaya mai aibi a ɓoye, an hana su kwafa lokacin da kwafar za ta yi amfani, an yi shiru shekaru ana jin koke-kokensu, sannan aka ce su karɓi wani fim daban. Mafi ƙarancin abin da ya kamata Warner ya yi shi ne ya fitar da cikakken jerin finafinan da abin ya shafa, ya kuma sake buga waɗanda haƙƙinsu ke hannunsa. Yana da hanyar yin haka: tun 2009 yake da sashen Warner Archive, wanda ke buga faifai ɗaya-ɗaya idan an yi oda, kuma wasu daga cikin finafinan da suka lalace sun sake fitowa ta nan. Sai dai DVD ɗin wannan sashe yawanci irin wanda ake ƙonawa ne, ba na dannawa a injin masana'anta ba, kuma ƙarin hirarraki da sharhin da ke bugun farko ba kullum suke biyowa ba.

Namu faya-fayan

Finafinan Warner ba za su ɓace daga duniya ba. Asalinsu yana ajiye a ɗakuna masu sanyi, abin da aka rasa shi ne hanyar da talaka zai kai gare su. Wanda ya kamata ya ji tsoron wannan labari shi ne mai masana'antar da faifan kasuwa shi ne ajiyarta, kuma masana'antar finafinan Hausa tana cikin wannan sahu. A kaset ɗin VHS ta tashi, tun Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta koma faifan CD da DVD, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar rarraba su, kafin wayoyi da masu tura fim da YouTube su kashe cinikin faifai. Da yawa daga cikin abin da ya shiga gidaje faya-fayan ƙonawa ne, waɗanda bayanansu ke kan wani rini da zafi da haske ke kashewa, kuma a irin CD bayanan suna dab da saman da ake rubutu a kai, har biro ma yana iya huda su. Faifan Warner ya mutu a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Namu suna zaune ne a zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da danshin damina da ke sa kaset ya yi fumfuna. Duk fim ɗin da mai shirya shi bai adana masta ba, wato asalin kwafinsa, ransa yana rataye ne a kan 'yan kwafin da suka rage a akwatunan mutane. Kwafar irin waɗannan ba ta buƙatar karya wani makulli, tana buƙatar na'ura mai aiki ne da izinin mai fim, kuma na'urorin VHS masu lafiya suna ƙara wuya kowace shekara.

A Amurka, masu faya-fayan Warner na waɗancan shekaru sun koyi abin da za su yi. Suna duba lambar da ke zoben tsakiya. Idan ta Olyphant ce, sai su saka faifan a kwamfuta su sa manhaja ta karanta shi daga farko har ƙarshe, domin kallon minti goma ba ya nuna komai. Wanda ya mutu su rubuta wa kamfanin su nemi musanya. Masu sayar da tsoffin faya-fayai na kirki kuma sun fara rubuta cewa an gwada, domin kwali mai leda a rufe, wanda a da shi ne mafi tsada, yanzu shi ne wanda mai saye ya fi shakka. Faifan da ya wuce gwaji bana kuma ana sake gwada shi baɗi, tunda an sha samun wanda ya yi lafiya a gwajin farko ya ƙi yi bayan 'yan shekaru.